Sha'aban Mai Rijiya a Ƙofar Bincike

Mutanen Gidan Marke, wani ƙauye da ke gabas da Zakirai, ba sa cewa Malam Sha'aban su yi shiru, sai sun ƙara da Mai Rijiya. A hannun mahaifinsa ya koyi haƙa. Ya fara da jan kwandon ƙasa a bakin rami, har ranar da tsohon ya miƙa masa dagi ya ce ya sauka da kansa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, irin jikin da rami ke so, kuma ba shi da yawan magana. Masu zolaya sukan ce duk maganarsa a ƙasa yake baro ta, in ya hau sama ba sauran abin faɗi.

Gona ba ta taɓa riƙe shi ba. A wannan yanki gida na jingine da gida, gona na jingine da gona, in ka jefa hoge sai ya faɗa a shukar wani. Da aka raba gadon mahaifinsu, abin da ya zo hannunsa wani siririn fili ne daga gindin kuka zuwa burtali. Gero da wake yake zubawa, da 'yar gyaɗa a gefe, kuma ko a shekarar albarka rumbunsa kan yi ƙasa tun bazara ba ta tsaya ba. Saboda haka da an gama kaka sai ya saɓi dagi da diga da igiya ya bi ƙauyuka, ya bar matarsa Tahira tana soya ƙuli-ƙuli tana riƙe gida. Sun haifi 'ya'ya da dama, biyu suka rayu: babbar, Safiyatu, wadda ta yi aure can wajen Gezawa, da ƙanenta Munir, wanda ya girma ya koma Ungogo yana tuƙa adaidaita sahun wani.

Abin da aka fi tunawa da shi a kansa ya faru ne wata ranar kasuwar Zakirai. 'Yar Alhaji Kamaruddeen, mai sayen gyaɗa da riɗi, ta faɗa tsohuwar rijiyar gidansu. Rijiyar ta riga ta fara zubewa daga ciki, maza sun cika tsakar gidan suna leƙawa, ba wanda ya yarda ya shiga. Sha'aban yana cinikin igiya aka zo aka ja shi. Bai tambayi komai ba. Ya tuɓe riga, ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya sauka marmara na zubo masa a ka, ya fito da yarinyar, Aina'u, a kafaɗa tana numfashi. Alhaji ya rasa abin da zai ba shi, shi kuma ya ƙi karɓar komai sai goro. Alhaji ya riƙe hannunsa a gaban jama'a ya ce in Allah ya ba shi rai da hali, sai ya kai shi ɗakin Allah. Sha'aban ya ce Allah ya nufa, ya ɗauki igiyarsa ya koma gida. Shekaru suka yi ta wucewa, maganar ta kwanta.

Sai motocin haƙa burtsatse suka shigo ƙauyuka. Abin da Sha'aban ke yi a wata biyu, inji ya yi shi kafin la'asar. Aka daina kiransa sabuwar rijiya, sai yasar tsohuwa, ita ma jefi-jefi. Munir ne ya samo masa hanya a gefen birni, inda gonaki ke komawa gidaje. Masu gini na neman wanda zai haƙa musu salga da sokawe, musamman inda aka ci karo da dutse samari suka gudu. Nan Sha'aban ya ƙare ƙarfinsa. Ya wuni a ƙuntataccen rami yana dukan busasshen dutse da guduma, ƙura ta tashi ta rasa hanyar fita ta dawo kansa. In ya fito da yamma fari fat yake, kamar an birkiɗa shi a gari. Ya kuskure baki, ya fyace hanci, ya sha fura, gobe ya koma.

Tarin ya fara kamar na kowa. Aka sha citta da kanumfari, aka sha saiwoyi. A asibitin ƙaramar hukuma aka ce tarin fuka ne, ya sha ƙwayoyi wata da watanni, bai ji daɗi ba, aka sake maimaita masa. Har ya kai in ya tafi masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafa katanga. Da Munir ya kai shi babban asibiti a birni, likitar ta ɗaga hoton ƙirjinsa a haske ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa mata sai ta ajiye hoton.

"Baba, ƙurar dutsen nan ce ta zauna a huhunka, ta sa ya taurare. Ba a wanke ta, ba a kuma yi mata aiki. Abin da za mu iya shi ne mu taimaka maka da iska."

"Na ɗan lokaci ne?" in ji Munir.

Ta dube shi, ta dubi tsohon, ta ce, "Za a ci gaba da ita."

Haka silinda ta shigo gidan. Doguwar tukunyar ƙarfe ce, da siririyar roba mai hanci biyu da ake maƙala masa ta bayan kunnuwa. Munir ke ɗauko ta a adaidaita ya kai birni a cika, ya dawo da ita. Ƙafafun Sha'aban suka kumbura, daga ɗaki zuwa zaure ya zama tafiya. Munir ya samo tsohon keken marasa lafiya wajen 'yan gwangwan, mai walda ya sa masa tayoyin keken hawa, ya kuma ƙera masa mazaunin silinda a baya. Keken ya yi nauyi, ya daina naɗewa, amma yana kai shi gindin darbejiyar ƙofar gida. Tahira ta koyi murɗa kan silinda da karanta allurar, ita da ba ta taɓa zama a aji ba.

A gindin darbejiyar nan Alhaji Kamaruddeen ya same shi wata Asabar. Shi ma ya tsufa, gemu ya yi fari. Ya ji labarin ciwon ne a wajen wata jana'iza. Ya zauna a tabarma, suka gaisa, ya daɗe yana kallon robar da ke hancin Sha'aban.

"Malam Sha'aban, na yi maka alkawari na bar shi ya tsufa. Aina'u ga ta can da 'ya'ya huɗu. Bana zan je Umara, da kai za mu, da Munir ya riƙa tura ka."

Sha'aban ya ja numfashi ya ce, "Alhaji, ka ga yadda nake."

"Na gani. Waɗanda suka fi ka jin jiki ma suna zuwa. A keke ake yi musu ɗawafi."

Da Alhaji ya tafi, Sha'aban ya kira Tahira ya ce ta duba masa ko farar shaddarsa ta sallah tana nan. Tun da likita ta ajiye hoton nan bai sake tambayar wani abu na gaba ba sai ranar.

Aka shiga shiri. Aka kai shi birni aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, fasfo ya fito. Ejan ɗin da ke yi wa Alhaji takardu ya ce keke ba matsala ba ne, akwai su a filin jirgi, amma silinda ba ta hawa jirgi ko ta wane hali. Ya ce akwai wata 'yar na'ura mai batir da ke tace iska, wadda ake ratayawa a kafaɗa, a nemo ta, a kuma karɓo takardar likita. Likita ta rubuta, tana nanata wa Munir cewa kada a raba shi da iska ko kaɗan. Alhaji ya aika aka samo na'urar a kasuwa, ta hannu, girmanta bai wuce rediyo ba. Tana aiki lafiya in an jona ta da wuta. Batirinta ne ya gaji, ba ya wuce tsawon huɗuba da sallar Juma'a, alhali an ce jirgi zai yi awanni a sama. Aka zaga shaguna ba a sami irinsa ba, aka ce sai an yi oda daga waje, ranar tafiya kuwa ta matso.

Wani mai gyaran fitilun sola a kasuwar Zakirai, Abdulkabir, ya ce a kawo ya gani. Ya haɗa ƙananan batura masu yawa, ya liƙe su da dalma, ya naɗe da baƙin salatif, ya fito da waya mai kai daidai da bakin na'urar. Abin ya fito kamar bulo. Aka gwada a gida, ya riƙe na'urar tun azahar har bayan isha. Munir ya yi ta murna, Tahira ta aika wa Abdulkabir da kwalbar man gyaɗa.

Ana jibi tafiya gidan ya cika. Safiyatu ta zo da 'ya'yanta. Liman ya zo ya koya masa niyya da talbiyya, Sha'aban na bi a hankali, yana yanke kalma biyu-biyu saboda numfashi. Kowa da saƙonsa. Wata tsohuwa ta ce ya roƙa mata Allah ya dawo da ɗanta da ya tafi kudu ya yi shiru. Wani ya ce a roƙa masa haihuwa, wani ya ce damina mai albarka. Sha'aban ya yi ta gyaɗa kai yana cewa in sha Allahu. Shi nasa roƙon bai faɗa wa kowa ba. Ba warkewa yake sa rai da ita ba, ya dai so idonsa ya ga ɗakin.

Da hantsi suka isa filin jirgi a motar Alhaji, an ɗaure keken a saman mota. Tahira ta rako su. A ƙofar shiga jami'ai suka ce masu tafiya kaɗai ke wucewa. Aka cire robar daga silinda aka maƙala a 'yar na'urar, wani ma'aikaci ya kawo keken filin jirgi, aka ɗaga Sha'aban aka mayar da shi ciki. Nasa keken, da yake ba ya naɗewa, aka bar wa Tahira tare da silinda a wata inuwa daura da ƙofa. Direban Alhaji zai mayar da ita gida in jirgi ya tashi.

"Malam, Allah ya kai ku lafiya. Ka yafe min."

"Ba ki yi min komai ba, Tahira. Ni ma ki yafe min."

Ciki sanyi ne da haske da hayaniya. Sha'aban bai taɓa shiga gini mai tsayin rufi irin wannan ba. A wajen awon kaya wata ma'aikaciya ta karanta takardar likita, ta juya na'urar ta duba rubutun jikinta, ta kira wani ya duba, sannan ta ba su takardun shiga jirgi. Ba ta tambayi batir ba, Munir ma bai ga dalilin fito da shi daga jakarsa ba. Jakunkunan kayansu suka bi bel suka shige.

Sai wajen bincike. Layi ne dogo, kowa na tuɓe takalmi da agogo yana zubawa a faranti, farantan na bin bel suna shiga wani akwati mai labule. A gefe ga wata ƙofa tsaye ita kaɗai ba bango, mutane na ratsawa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ta yi ƙara. Aka wuce da Sha'aban gaba saboda keke. Jami'in da ke wajen saurayi ne dogo, Munir ya karanta sunansa a ƙirji, Tasi'u. Ya durƙusa daidai fuskar tsohon ya gaishe shi.

"Baba, za ka iya miƙewa ka taka ta cikin ƙofar can? In ba za ka iya ba, sai in duba ka a zaune."

"Zan iya, yallaɓai."

"Na'urar nan kuma ana so ta bi ta cikin inji. Za ka iya rabuwa da ita na ɗan lokaci? In da wahala ka faɗa min, mu duba ta da hannu tana jikinka."

Munir ya buɗe baki zai yi magana, Sha'aban ya ɗaga masa hannu. Tun da suka shigo ginin yake lura da yadda ma'aikata ke kallon robar hancinsa. A ransa ya riga ya yanke cewa duk wanda ya nuna rauni a nan, nan za a tsayar da shi. Ai ya sha zama a gindin rijiyar da ko ashana ba ta kamawa saboda ƙarancin iska, ya kuma fito.

"Cire ta," ya ce wa Munir.

"Baba, likita fa ta ce..."

"Cire."

Munir ya zare robar, ya sa na'urar a faranti tare da jakarsa. Aka cire wa tsohon takalmi da hula da carbi. Ya dafa hannun keke ya miƙe. Tayil ɗin na da sanyi a tafin ƙafarsa da ta kumbura. Ya taka a hankali, ya ratsa ƙofar, sai ta yi ƙara. Tasi'u ya ce ya ɗaga hannuwa, ya bi jikinsa da wani abu kamar maburgi mai faɗi, abin ya yi kuka a damtsensa na dama. Kambu ne da mahaifinsa ya ɗaura masa ranar da ya fara sauka rami, da ɗan zoben ƙarfe a jiki, fatar ta yi baƙi ta kusa zama ɗaya da naman hannun. Sai da aka naɗe hannun rigar aka yi ta fama kafin ya zaru. Duk wannan lokacin hannuwansa na sama, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka ba abin da ke shiga.

Ya waiwaya yana neman farantinsa ya fito. Bel ɗin ya tsaya.

Matar da ke kallon allon injin ta miƙe tsaye ta kira wani, shi ma ya duba ya yi magana a rediyon hannu. Nan da nan aka ce kowa ya ja da baya. Wani jami'i ya tambaya da ƙarfi jakar wa ce.

"Tawa ce," in ji Munir. "Batir ne kawai, na na'urar babana. Don Allah ku ba ni na'urar."

"Tsaya inda kake. Kada ka taɓa komai sai oga ya zo."

"Ba ya iya numfashi sai da ita!"

"An ce ka tsaya."

Sha'aban yana jin muryoyin kamar daga saman rijiya. Ya so ya ce wa Munir ya bi a hankali, kada ya yi musu tsawa su fusata, amma bakinsa buɗewa kawai yake yi. Fitilun rufin suka fara haɗewa. Ya nemi abin dafawa bai samu ba, ya sulale. Tasi'u ne ya tare shi kafin kansa ya bugi ƙasa, ya zaunar da shi jingine da ƙafarsa yana ƙwala wa abokan aikinsa kira. Da shugabansu ya iso da gudu ya ga leɓen tsohon ya yi shuɗi, ya duba allon, ya ce a fito da na'urar kaɗai. Munir ya maƙala masa robar.

Da hankalinsa ya dawo, abin da ya fara ji shi ne ɗumi a cinyoyinsa. Ya duba. Farar shaddar ta jiƙe, fitsari ya kwanta a kan tayil yana bin layi zuwa wajen takalman mutane. Masu layi sun kewaye suna kallo, wasu na cewa sannu, wata mata na salati. Alhaji Kamaruddeen ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe shi da ita daga ƙirji zuwa ƙafa. Sha'aban ya rufe ido.

Aka mayar da shi keke aka kai shi wani ɗan ɗaki a gefe. Ma'aikaciyar jinya ta maƙala masa wani abu a yatsa, ta duba lambar, ta girgiza kai. Shugaban jami'an ya shigo riƙe da batirin Abdulkabir a faranti, tare da wani mutum mai taye daga kamfanin jirgin. Ba faɗa suka zo yi ba. Shugaban ya yi wa Munir tambayoyi, wa ya haɗa, a ina, don me. Munir ya amsa duka.

"Na yarda da kai," in ji shugaban. "Na ga batir ne. Amma ba suna, ba rubutun ƙarfinsa, haɗin hannu ne. Irin wannan in ya yi zafi a sama ya kama wuta, ba kai da babanka kaɗai ne a jirgin ba. Ba zai shiga ba."

"Ranka ya daɗe, mun gwada shi. Ko ɗumi ba ya yi."

"Ba zai shiga ba, ɗan'uwa."

Mutumin kamfanin ya tambayi tsawon lokacin da batirin cikin na'urar ke yi. Bai ma buƙaci amsa ba, domin 'yar jar fitilar na'urar ta riga ta fara ƙiftawa. Alhaji ya tambaya ko babu wajen jona wuta a jirgi, ko kamfanin ba shi da tasa iskar a saya. Mutumin ya ce ba a dogara da wutar kujera a kan ran mutum, iskar kamfani kuwa tun kwanaki kafin tafiya ake nemanta, ba a bakin ƙofa ba. Ya ƙara da cewa ko da komai ya cika, bayan abin da ya faru yanzu, sai likita ya sake dubawa.

Sha'aban ya buɗe ido. Ya tattara numfashi ya ce, "Yallaɓai, ku bar ni in shiga haka. In na mutu a hanya, ai a hanyar na mutu. Ba zan riƙe kowa ba."

Tasi'u, wanda ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da hula da carbi da kambun tsohon, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ba mu da ikon yin haka," in ji mutumin kamfanin. "Ka yi haƙuri."

Aka fara kiran fasinjoji a lasifika. Alhaji ya ce shi ma ya fasa. Sha'aban ya ce a'a, ya tafi, akwai saƙon mutane da yawa, Munir zai faɗa masa waɗanda ya tuna. Alhaji ya tsaya yana sauraron Munir, na tsohuwar nan, na mai neman haihuwa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce da ya dawo za a yi odar batir na gaskiya, a sake shiri, wannan ba komai ba ne. Sha'aban ya ce to.

Tasi'u ne ya tura shi da kansa ta wata ƙofar gefe. Tahira na zaune a ƙasa kusa da keken, tana jiran ta ga tashin jirgi. Da ta hango su ta miƙe. Ta dubi rigar Alhaji a jikinsa, ta dubi fuskar Munir. Ta murɗa kan silinda, ta karɓi robar ta jona. Suka zauna a inuwar har aka fito musu da jakunkunansu. Suna nan jirgin ya tashi, ƙararsa ta cika wajen. Munir ya ɗaga kai. Sha'aban bai ɗaga ba.

Sun shiga Gidan Marke bayan la'asar, mutane na dawowa daga gona. Labari ya riga su isa. Aka yi ta zuwa jaje kamar an yi rashi, kowa na cewa Allah bai nufa ba, akwai rabo a gaba. Abdulkabir ya zo har gida ya durƙusa yana ba da haƙuri, Sha'aban ya ce masa ai taimako ya yi. Daga ranar bai ƙara yarda a fito da shi gindin darbejiya ba. Ya ce iskar waje na tayar masa da tari.

Alhaji ya dawo ya kawo dabino da zamzam da farar jallabiya, ya kuma cika alkawarin oda. Batirin ya daɗe bai zo ba, da ya zo kuma aka ga ba na irin wannan na'urar ba ne, aka mayar. Kafin na biyu ya iso damina ta faɗi, ƙanen Sha'aban ya shuka masa gonar. Da Munir ya kai shi birni don sabuwar takarda, likita ta sa masa abin yatsa, ta saurari ƙirjinsa, ta ce ba za ta rubuta ba. Ta ce yanzu 'yar na'urar ma ba ta ishe shi a ƙasa ba, balle a sama. Munir ya fara roƙonta. Sha'aban ya taɓa gwiwarsa ya ce, "Bar shi haka. Kai ni gida."

Ya ƙara 'yan watanni. Kwanciya ta gagare shi, a zaune yake barci, an tara masa matasai a baya. Silinda ta riƙa ƙarewa da wuri, don haka duk ranar da Munir ya tafi cika ta, sai a maƙala masa na'urar da sabon batirin ta riƙe shi kafin a dawo. Magana ta ragu har ta koma ishara. Wani lokaci Tahira kan ga leɓensa na motsi, in ta matso sai ta ji talbiyyar da Liman ya koya masa yake bi, in ya kai tsakiya ya tsaya.

Ya rasu ranar wata Alhamis, ana tsakiyar yankan gero, gari ba maza sai tsofaffi. Munir ya tafi birni da silinda tun safe. Tahira ta fita ta sauke tukunya, da ta dawo ta same shi kansa ya karkata gefe. Ta kira shi, ta taɓa shi, ta yi salati. Ta shafe masa ido, ta zare robar daga bayan kunnuwansa ta ajiye a kan tabarma. Na'urar na ta aiki, tana fitar da iska tana tsayawa, tana fitarwa. Munir ne kullum ke kunna ta ya kashe, ita silinda kawai ta iya. Ta danna wani maɓalli, ƙarar ta ƙaru. Ta bar ta, ta yafa mayafi ta fita ta gaya wa maƙwabta a aika gona a kira maza.